Daka Babu Gero

Ni mutum ne mai son kiɗan rawa, amma ban taɓa taka rawa ba. Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina ƙarami, da sanda nake tafiya, kuma ita ta hana ni bin samarin garinmu Gangara zuwa ci-rani. Kunne dai ba ruwansa da ƙafa. Har yau idan na ji kiɗan injin nan da ake kira tekno, ko ɗan'uwansa mai gudu da ake ce wa dram an bes, sai na dakata na saurara, daga nan kuma raina ya ɓaci. Ina son kiɗan ƙwarai, shi ne kuma yake tuna mini shekarun fari da yadda mahaifiyata ta rabu da aminiyarta.

Yayana ne ya kawo shi gidanmu. Ya yi aikin gini a Aljeriya, ya dawo ta Maraɗi da rani, da wata ƙatuwar jaka da rabinta bargo ne. A naɗe cikin bargon akwai rediyo mai cin memori da ɗan faifan sola na caji. Wani abokin aikinsa ne ya cika masa memorin. Da ya kunna, na gyara zama ina jiran mawaƙi ya shigo. Ganga tana ta bugawa dum, dum, dum, wani abu yana karkaɗawa a kanta kamar tsakuwa a gwangwani, ni kuwa ina ta jira.

"Yaya, ina mawaƙin?"

"Babu mawaƙi. Kiɗi na tsantsa."

"To wa aka wa kirari?"

"Ba kowa."

Na ce masa an cuce shi, ya ratsa hamada ya ɗauko mana ƙarar injin niƙa alhali muna da namu a bakin kasuwa. Ya yi dariya ya ce in ba abin kwana biyu.

Sana'ata tufkar igiya ce, zaune nake yini a inuwar tsakar gida da kaba a gefena. Don kada shiru ya yi mini yawa nake barin rediyon a kunne, a haka kiɗan ya shige ni ban sani ba. Na fara lura cewa gangar ce kawai ba ta canzawa, sauran abubuwan kuwa shigowa suke ɗaya bayan ɗaya. Wani siririn sauti zai taso daga nesa, ya matso, ya zauna. Wani ya biyo shi. Kana cikin sabawa da su sai a zare gangar gaba ɗaya, a bar ka a rataye, ƙirjinka yana ƙirga bugun da babu shi. Sautukan su yi ta hawa, su yi ta matsewa, har ka ji kamar ka yi ihu a dawo maka da ita. Sai ta faɗo. Ranar da na fara gane wannan dawowar, tsikar jikina ta tashi, na duba hannuna na ga na tufka igiya mai tsawo ban san lokacin ba.

Da damina ta ƙi kankama, Yaya ya sake ɗaukar jakarsa ya yi arewa, ya bar mini rediyon. Muna da tsohuwar sifika ta kaset ɗin marigayi mahaifinmu, muna kuma da randa da ta tsage ba ta riƙe ruwa. Na haɗa waya, na kafa sifikar a bakin randar, na liƙe gefen da tsumma da laka. Abin da ya fito ya ba ni tsoro ni kaina. Randar ta haɗiye ƙananan sautukan, ta kumbura gangar, har kana jin ta a ƙasa ta tafin ƙafa.

Daga ni sai Inna a gidan. Da farko tsaki take yi idan na kunna. Wata rana tana tsince wake sai na ga ta tsaya, ta karkata kai wajen randar.

"Auta, wanga ai daka na," ta ce. "Mace guda ta, mai ƙarhi, kuma ba ta da goyo."

Na sauya mata zuwa mai gudun, wanda gangunansa ke tuntuɓe da juna, wani kauri yana gurnani a ƙarƙashinsu. Ta saurara sosai, har ta ajiye faifan.

"Wanga ko lugude na. 'Yan mata ukku kan turmi guda, marasa kunya, guda na bugun bakin turmi. Wa ya koya ma Turawa lugude?"

Da aka zo wurin da ake zare ganga, na ɗauka za ta ce abin ya lalace. Sai ta ɗaga mini hannu. "Ta aje taɓarya ta tahi shiƙa. Jira, za ta dawo." Da gangar ta faɗo, Inna ta buga cinyarta ta ce, "Ba na hwaɗa maka ba?" Daga ranar ta zama abokiyar saurarona, kuma ta fi ni kunne nesa ba kusa ba. Ita ke gaya mini wane makaɗi ne mai haƙuri, wane ne mai rawar kai da ke zuba kayansa duka tun farko.

Ba mamaki ta fi ni, domin rayuwarta duka a bakin turmi ta yi ta. A garinmu turmi ne ke ba da labarin gida. Ba a tambayar mutum ko akwai abinci a gidansa, wannan cin fuska ne. Da hantsi ake kasa kunne. Gidan da aka ji daka, lafiya lau. Gidan da ya yi shiru, kowa ya san abin da ake ciki, kuma kowa zai yi kamar bai sani ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam, mai makarantar allo ta unguwarmu, wanda ni ma a gabansa na yi karatu. Matarsa muke kira Gwaggo, ko da yake babu jini tsakaninmu. Ita da Inna kusan tare aka kawo su unguwar suna amare. Gwaggo tana cikin kulle, ba ta fita da rana, kuma matar malami ba ta ɗaga murya ta kan katanga alhali maza suna zaure. Saboda haka da taɓarya suke gaisawa. Kowace ta kafa turminta a gindin katangar. Inna ta fara, Gwaggo ta amsa, taɓaryar ɗaya tana faɗawa a tsakanin bugun ɗayar, idan nishaɗi ya zo su ɓarke da lugude, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Akwai kuma wani ɗan gurbi a saman katangar inda ƙasa ta zaizaye. Nan suke ɗora wata ƙwarya mai ɗinki a baki. Wadda ta dafa abin marmari sai ta zuba ta ɗora, ta ƙwanƙwasa katangar, ɗayar ta miƙa hannu ta sauke.

A shekarar farko ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Ya tsaya a gona ya bushe a tsaye. Abin da muka samu bai rufe gindin rumbu ba. A shekara ta biyu aka yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya ruga ya yi shuka, tsiron ya fito, rana ta ƙone shi. Aka sake shukawa da sauran irin da ya rage, shi ma ya bi na farko. Da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Mutanen ƙauyen Tsamaye suka riƙa wucewa ta garinmu da kaya a ka. Maza suka ƙare a unguwa, sai tsofaffi da irina. Wayar Yaya ta daina shiga.

Aka fita roƙon ruwa. Bayan an idar, Malam ya roƙi jama'a a ajiye kiɗa da waƙa har Allah ya dube mu. Na dawo gida ina ta faɗa ni kaɗai, ina cewa randata ce ta kori hadari? Ƙasashen da aka yi kiɗan nan ba yawan ruwa ne ke damun su ba? Inna ta ce in rufe bakina. Na rufe, domin Malam ba mugun mutum ba ne, tsoron Allah ne ya sa shi faɗa, kuma shi ma yunwar yake ji. Na mirgina randar zuwa cikin ɗaki na rufe ta da bargon da Yaya ya bari.

Turamen unguwa suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Matan da ba su yarda asirinsu ya tonu ba suka koma dakan ƙaiƙayi, su zuba shi a turmi su yi ta bugu don maƙwabta su ji. Kowa ya san ana yin haka, amma ba wanda ya san wace ce ke yi. Ziyarar da mata kan yi bayan magariba ma ta mutu, domin ba mai son shiga gidan da za a rasa abin ba shi, ba kuma mai son a shigo nasa. Geronmu ya ƙare tas. Muka koma tafasa da yaɗiya, daga baya sai anza, 'ya'yan wani ɗan itacen daji masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an jiƙa ana sauya musu ruwa kafin a iya dafawa. Inna ba ta fasa dakan hantsi ba. Ƙaiƙayi take zubawa, Gwaggo kuma tana amsa mata daga can.

Wata safiya ta ɗaga taɓarya, jiri ya ɗebe ta, ta zube a gindin turmi. Da jan gindi na isa wurinta, na yayyafa mata ruwa. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko Gwaggo ta ji faɗuwarta. Na ce mata daka ya ƙare a gidan nan, in ta sake taɓa taɓaryar zan jefa ta a murhu.

Washegari da hantsi muna zaune shiru, sai ga taɓaryar Gwaggo daga bayan katanga. Ta buga kaɗan ta dakata, tana jiran amsa. Ta sake bugawa ta dakata. Inna ta dube ni.

"Auta, jawo randar ga gindin katanga. Sa mani na macen nan mai ƙarhi, wanda ba shi da sauri. Ka bar bargon bisa."

Na gane nufinta nan take, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, don na yi kewar kiɗana. Na jawo randar, na ninka bargon a kanta, na kunna. Bargon ya shanye komai, bai bar komai ba sai gangar, dum, dum, dum, a gindin katanga. Muka kasa kunne. Sai ga taɓaryar Gwaggo ta shigo tsakanin bugun, daidai wurinta. Inna ta toshe baki da gefen zanenta tana dariya har da hawaye. Rabon da in ga dariyarta tun kafin shukar farko ta ƙone.

Haka muka ci gaba kowace safiya. Inna ce mai ba da umarni, ni hannuna a kan maɓalli. "Rage, ta gaji." In rage. "Tsaya, tana juya hatsi." In tsayar. "To, koma." Ta san inda mace ke jan numfashi, ta san inda ake sassautawa idan gari ya kusa laushi. Wata rana har Gwaggo ta kasa daurewa, ta matso jikin katanga ta ce a hankali, "Ƙawa, kin koma budurwa!" Inna ta amsa, "Sai godiya." Idan an gama na maƙwabta, mukan shige ɗaki mu ɗage bargon, mu rage sauti ƙasa sosai, mu saurari kiɗan da dukkan kayansa. Da yunwa a cikinmu muke saurare, kuma yana taimako. Kiɗan da ba shi da magana ba ya yi maka wa'azi, ba ya tuna maka kowa, yana dai riƙe ka ya kai ka azahar.

Gidan Malam ba gidan noma ba ne sosai. Abin da manoma suka kawo na zakka da sadaka, da abin da iyayen yara suka aiko, shi ne abincinsu. Da manoma suka rasa, su suka fi kowa shiga uku. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, makarantar ta watse. Taɓaryar Gwaggo ta fara rauni. Takan shigo a makare, ta fita da wuri. Sai wata safiya randarmu ta yi ta bugu ita kaɗai, ba amsa. Washegari ma haka.

Na ce wa Inna mu daina. Na ce ta leƙa ta gurbin nan ta gaya wa Gwaggo gaskiya, cewa mu ma anza muke ci.

"In na yi shiru, hankalinta za shi tashi," in ji Inna. "Na san ta. Abin da ya rage mata za ta ɗoro mani bisa katanga. Bari ta ji ko gida guda na tsaye."

"To hwaɗa mata randa ta!"

"In hwaɗa ma matar Malam kiɗin rawa nika sa mata kullum, bayan mijinta ya roƙi a bari? Da shi taka daka, Auta. Da wane baki?"

Na yi faɗa sosai ranar. Na ce wannan rufin asirin namu shi zai kashe mu, mutane suna mutuwa da yunwa a jere, kowa yana buga wa ɗan'uwansa turmin ƙarya. Na rantse ba zan sake kunnawa ba. Da hantsi ya yi Inna ta tashi tana dafa bango, ta ɗauki taɓarya, ta ɗaga ta da ƙyar. Na ce ta ajiye. Na jawo randar na kunna.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, muka ji an ƙwanƙwasa katanga. Ƙwaryar nan mai ɗinki tana zaune a gurbinta. Inna ta sauke ta, ta ɗaga faifan da aka rufe ta da shi. Babu komai a ciki. Tun da suke tare, ƙwaryar ba ta taɓa hawa katangar nan wayam ba. Gwaggo ta kai maƙura ke nan, ta yi roƙo ta hanyar da ta iya.

Inna ta daɗe a tsaye da ƙwaryar a hannu. Abin da muke da shi a gidan duka shi ne anzar da ta gama jiƙuwa, wadda za mu dafa mu ci a ranar. Ta dafa ta, ta barbaɗa ɗan gishirin da ya rage, ta juye duka a ƙwaryar, ko loma ba ta rage mana ba. Ta ɗora ta ƙwanƙwasa. Ni ban hana ta ba. A lokacin ba wanda ya yi tunani a cikinmu yadda abin zai kasance a ɗaya gefen. Mace tana jin ana dakan gero a gidan aminiyarta kowace safiya, ta zubar da kunyarta ta miƙo ƙwarya, a mayar mata da abincin da ko akuya sai ta rasa take ci.

Da la'asar ƙwaryar ta dawo kan katanga. Ba a ƙwanƙwasa ba. Anzar tana ciki yadda aka zuba ta, ba a taɓa ba. Inna ta zauna a ƙasa ta tasa ta a gaba. Sai a lokacin ta gane, na ga ganewar a fuskarta. Ta je jikin katanga ta kira, "Ƙawa. Ƙawa." Ba a amsa ba. Daga ranar ba mu sake kunna randar ba, amma shirunmu bai gyara komai ba. Ina jin Gwaggo ta ɗauka mun mayar da turmin zuwa wani lungu ne don kada ta ƙara roƙo.

Ba a daɗe ba muka ji Malam zai kwashe iyalinsa zuwa Kamarawa, can ƙasar Isa, wurin ƙaninsa mai lambu a fadama. Ranar tafiyar motar kasuwa ta tsaya a ƙofar gidansu da safe. Tsofaffin unguwa suka taru yi wa Malam sallama. Inna ta yafa mayafi ta fita, na bi ta da sandata. Gwaggo ta fito a lulluɓe. Rabona da ganin ta tun kafin farin, na ga hannunta da ta riƙe ƙullin kaya ya zama kamar kara.

Inna ta matsa kusa. "Ƙawa, tsaya ki ji."

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. "Koma ciki, kak dakanki ya jira ki. Mun gode da anza."

Malam yana tsaye kusa, dattawa suna kewaye da shi, duk suna ji. Na buɗe baki zan faɗi komai, randar da bargon da ƙaiƙayin, kowa ya ji, in ya so a kore ni daga garin. Inna ta damƙe wuyan hannuna, ban san tana da sauran wannan ƙarfin ba. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Aka taimaka wa Gwaggo ta hau, motar ta tashi.

Na yi fushi da Inna har na daina yi mata magana in ba dole ba. Daga baya na ce to mu bi su Kamarawa, mu same ta a cikin gida inda babu maza, ta faɗa mata. Ta ce za ta je, amma ba da hannu wofi ba. Sai ta cika ƙwaryar nan da gero tukuna, ta ajiye a gabanta, sannan ta ba ta labarin randa, su yi dariya tare. Ta wanke ƙwaryar ta rataye a ɗakinta.

Yadda muka kai damina ta gaba, Allah kaɗai ya sani. Yaya ya samu ya aiko da buhun masara ta hannun wani direba, shi ya riƙe mu. Ruwa ya sauka a shekarar, ba mai yawa ba, amma ya kai gero gida. Damin farko da ya shigo gidanmu, Inna da kanta ta sussuke shi, ta sheƙe, ta cika ƙwaryar har tana zuba, ta ɗaure da sabon ƙyalle. Muka shiga mota zuwa Sabon Birni, daga nan muka kama hanyar Isa. Duk tsawon hanyar ƙwaryar tana kan cinyarta. Har tana gwada mini yadda za ta kwaikwayi gangar da baki idan ta zo wurin a labarin.

A Kamarawa muka sami Malam zaune a ƙofar gidan ƙaninsa, ya tsufa ƙwarai. Da ya ga Inna sai ya sunkuyar da kai ya yi salati. Gwaggo ta rasu tun tsakiyar damina. Jikinta bai taɓa komawa daidai ba tun da suka zo, zazzaɓi kaɗan ya kayar da ita. Sun aika da saƙo Gangara, bai iso mu ba.

Inna ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ta tura ƙwaryar gabansa. Malam ya dubi ɗinkin bakinta, ya gane ta.

"Ba ni ɓoye miki," ya ce. "Zancen ƙwaryar ga ya tsaya mata ga rai. Kullum tana cewa gidanki kaɗai Allah ya tsare cikin unguwa, tana jin turminki har ranar da kinka ɗauke shi. Amma kahin ta cika ta kira ni, tac ce in na gan ki in hwaɗa miki ta yahe miki. Duniya da lahira."

Wannan karon Inna ba ta riƙe hannuna ba. Na dube ta, ina jira ta yi magana ko ta bar ni in yi. Kanta yana ƙasa.

"Na gode, Malam," ta ce. "Allah shi jiƙanta."

A mota na tambaye ta me ya sa. Ta ce tsohon ya samu abin da yake riƙe da shi, cewa matarsa ta tafi da zuciya wankakkiya. In ta gaya masa gaskiya, sai ya kwana yana tunanin matarsa ta mutu da zargin wadda ta ba ta abincin bakinta. Wadda ya kamata ta ji labarin ba ta nan. Ban yarda da ita ba a lokacin, har yanzu ma ban tabbata na yarda ba. An yafe wa mahaifiyata rowar da ba ta yi ba, ta kuma karɓa ta yi godiya. Wannan abu yana ci mini rai har gobe.

Da muka dawo gida ta mirgina turminta daga gindin katangar ta mayar da shi bayan ɗaki. Tana daka idan ta kama, amma ban sake jin ta yi lugude ba. Gidan Malam wasu baƙi suka shiga, gurbin katangar suka cike shi da laka.

Wata safiya bayan an gama kaka, ina tufka, ta fito ta zauna kusa da ni ta ce in jawo randar. Lokacin an daɗe da komawa kiɗa a gari, ba abin ɓoyewa. Ta ce in sa mata na macen nan mai ƙarfi, in cire bargon. Na kunna. Gangar ta cika tsakar gida, ƙananan sautukan suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya yadda suka saba. Inna ta rufe ido tana bin su, yatsanta yana bugun gwiwarta a tsakanin bugun gangar, wurin da taɓaryar Gwaggo take faɗawa. Aka zo inda ake zare gangar. Sautukan suka fara hawa, ƙirjina ya fara jira. Sai ta ɗaga hannu.

"Kashe shi nan."

"Inna, ai za ta dawo."

"Na sani," ta ce. "Kashe."

Na kashe.